Daga tekun Kwatano zuwa kogin Malanville: me dokar jan raga ta ce, kuma wa take karewa?

Tsakanin Malanville da bakin teku akwai tafiyar fiye da kilomita 700. Garin na zaune ne a gaɓar kogin Neja, wanda wasu ke kira Kwara, mutanen Dendi kuma su ce Isa, yana fuskantar Gaya ta jamhuriyar Nijar. Da yawa daga cikin masu cin kasuwarsa ba su taɓa ganin teku da idonsu ba. Amma kaso mai yawa na kifin da ake soyawa a tashar mota da bakin kasuwa ba daga wannan kogi ya fito ba. Kifin ƙanƙara ne na cikin kwali, wanda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, manyan motoci masu sanyi suka haura da shi ta Parakou da Kandi. Garin masunta ne, a bakin ɗaya daga cikin manyan kogunan Afirka, amma talakansa ya dogara da kifin da aka kamo a wani ruwa mai nisa.

Wannan kaɗai ya isa ya sa mutumin Malanville ya kasa kunne idan ana batun dokokin kamun kifi a teku. Akwai kuma dalili na biyu da ba kowa ya sani ba: dokar da ta yi wa manyan jiragen teku iyaka a Benin, ita ce dai ke hukunta masuncin da ke jefa birgi a bakin Sota.

Yadda jan raga yake

Abin da ake kira chalut da Faransanci raga ce mai siffar ƙaton buhu, bakinta a buɗe, gindinta a tsuke. Jirgi mai ƙarfin inji ke jan ta da igiyoyin ƙarfe. Wasu manyan alluna biyu, na ƙarfe ko na katako, su ke buɗe bakin ragar hagu da dama idan ruwa ya buge su. Leɓen sama na ɗauke da abubuwan da ke sa shi ya taso, na ƙasa kuma an ɗaura masa sarƙa ko ƙwallayen roba masu nauyi. Jirgin zai yi sa'o'i yana tafiya, duk abin da ya shiga bakin sai ya gangara zuwa gindin buhun, inda babu mafita sai ga abin da ya fi idon ragar ƙanƙanta.

Iri biyu ne, kuma ana yawan haɗa su a baki ɗaya alhali illarsu ta bambanta. Akwai ragar da ake ja a tsakiyar ruwa, ba ta taɓa ƙasa. Da ita, da kuma ragar zobe, ake kama kifayen da ke yawo garke-garke, irin su chinchard da maquereau da sardinelle, wato ainihin kifin kwalin da ke isowa arewa. Matsalar wannan ita ce yawa: jirgi ɗaya na iya kwashe abin da ɗaruruwan kwale-kwale ba za su kama ba. Sai kuma ragar da ake ja a kan ƙasan teku domin jatan lande da kifayen da ke kwanciya a ƙasa. Ita ce ake ta cece-ku-ce a kanta a duniya, domin ba kifi kaɗai take ɗauka ba. Alluna da sarƙar suna kankare ƙasan tekun, su tumɓuke ciyayi da murjani da soso, su tayar da laka, su rushe wuraren da ƙananan kifi ke fakewa kafin su girma.

Sannan ragar ba ta zaɓe. Wanda ya fita neman jatan lande yakan jawo kilo da yawa na wasu halittu a kan kowane kilo ɗaya na abin da ya je nema: 'ya'yan kifi, ƙaguwa, kunkurun teku. Abin da ba shi da kasuwa a mayar da shi ruwa, galibi a mace. Makiyayin da ya yanka maruƙa tare da bijimai ya san abin da zai tarar a garkensa baɗi.

Zurfin teku da gefen teku

Muhawarar da ta fi yin ƙara a Turai ta shafi zurfin teku ne. Daga mita 200 zuwa ƙasa hasken rana ya fara ƙarewa, ruwa ya yi sanyi, abinci ya yi ƙaranci, don haka komai a hankali yake girma. Murjanin ruwan sanyi 'yan milimita yake ƙarawa a shekara, wasu tarinsa sun yi dubban shekaru. Wani kifi da Faransawa ke sayarwa da sunan empereur yana iya wuce shekara 100 a raye, kuma ba ya fara hayayyafa sai ya haura shekara 20. Idan aka kwashe irin wannan kifi, ba a cikin rayuwar mai kamun zai dawo ba.

A 2006 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 61/105, wanda ya buƙaci ƙasashe su tantance illar kamun ƙasan teku kafin su ba da izini, su kuma rufe wuraren da halittunsu ke da rauni. Bayan shekara goma, a 2016, Tarayyar Turai ta haramta jan raga a ƙasan teku a zurfin da ya wuce mita 800 a ruwanta na arewa maso gabashin Atlantika, bayan doguwar fafutuka da ƙungiyar Bloom ta Faransa ta yi fice a cikinta. A 2022 ta ƙara rufe wurare 87 daga zurfin mita 400.

Sai dai wanda ya kwafo wannan muhawara ya kawo ta Benin yadda take, ya ɓata hanya. A nan rikicin ba a mita 800 yake ba. Gaɓar tekun Benin gajeriya ce, kimanin kilomita 125 daga iyakar Togo zuwa ta Najeriya. Daga gaɓar, ƙasan teku na gangarawa sannu a hankali na tsawon kimanin kilomita 25, daga nan sai ya faɗa rami. A wannan siririn dandamali mara zurfi ne kusan duk kifin ƙasa yake, a nan kwale-kwalen masunta ke kafa ragarsu, a nan kuma jiragen jan raga ke son aiki. Kowa na rububin fili guda.

Ruwan Benin kuma ba shi da albarkar kifi kamar na Ghana ko Côte d'Ivoire, balle Muritaniya. A can, ruwa mai sanyi da ke ɗauke da abincin kifi yana tasowa daga ƙasa a wasu watanni, musamman Yuli zuwa Satumba a Ghana da Côte d'Ivoire. A gaban Benin wannan tasowa ba ta da ƙarfi. Shi ya sa mafi yawan kifin da ƙasar ke kamawa ba daga teku yake fitowa ba, daga tafkuna da koguna ne: Nokoué, Ahémé, tafkin Porto-Novo, kogin Ouémé, da Neja a arewa. Duk an haɗa, ba ya biyan buƙatar ƙasar, dole a cike giɓin da kifin waje.

Abin da dokar 2014 ta tanada

Babbar dokar da ke aiki ita ce mai lamba 2014-19 ta ranar 7 ga Agusta 2014, wadda ta shafi kamun kifi da kiwonsa a faɗin ƙasar. Ta ce albarkatun ruwa dukiyar ƙasa ce da hukuma ke kula da ita, kuma jirgin masana'antu ba ya kamu sai da lasisi. Ta haramta abin da ake kira chalut-bœuf, wato jirage biyu su ja raga ɗaya a tsakaninsu kamar shanun huɗa biyu da garma. Irin wannan raga bakinta na da faɗi sosai, gudunta kuma ya fi na jirgi ɗaya, kusan babu abin da ke tsira. Ta haramta amfani da guba da abubuwa masu fashewa. Ban da wannan, ƙa'idar ƙasar ta keɓe mil 5 na farko daga gaɓa ga ƙananan masunta, jiragen jan raga ba su da izinin shiga. Mil ɗin teku mita 1,852 ne, ke nan ɗan abin da ya haura kilomita 9.

A lura, Benin ba ta haramta jan raga a ƙasan teku gaba ɗaya ba. Ta tura shi nesa da gaɓa ne, ta kuma hana nau'insa mafi muni. Akwai ƙasashen da suka wuce haka. Indonesiya ta hana jan raga tun 1980, ko da yake aiwatar da hanin ya yi ta tangal-tangal. Belize ta hana a 2010, Hong Kong a ƙarshen 2012. Najeriya ita ma mil 5 ta keɓe a ƙarƙashin dokarta ta 1992.

A farkon 2022 gwamnatin Benin ta ƙara wani mataki, ta ayyana wuraren teku biyu da aka keɓe domin kariya: Donaten a gabashin Kwatano, da Bouche du Roy kusa da Grand-Popo, inda kogin Mono ke shiga teku. Nau'o'in kunkurun teku huɗu ne ke zuwa gaɓar Benin, wasu domin yin ƙwai a cikin yashi, kuma manyan kifayen baleine na ratsowa da 'ya'yansu a ƙarshen damina. A Disambar wannan shekara ƙasashen duniya suka amince a Montreal cewa za su kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030.

Rubuta doka abu ne mai sauƙi. Layin mil 5 ba katanga ba ce, kuma babu shingen jandarma a kan ruwa. Masuntan gaɓar teku sun daɗe suna ƙorafin cewa jirage na shigowa da dare, su kashe fitilu da na'urar da ke nuna inda suke, su ja raga ta cikin yankin da aka hana su, su yayyage ragar kwale-kwale su wuce. Ga mai kwale-kwale, raga jari ce da galibi bashi aka ci aka saya, sau da yawa daga hannun matar da ke sayen kifinsa tana bandawa. Idan ragar ta tafi, gida biyu ne suka shiga uku. Sintiri a teku kuwa na cin kuɗin mai da gyaran jirgi. A 2019 Benin ta ƙulla haɗin gwiwa da ƙungiyar Sea Shepherd, wadda ta ba da jirginta, sojojin ruwa da jami'an kamun kifi na Benin suka hau suka yi sintiri, aka kuma kama jirage da dama da laifuka daban-daban. Aikin ya nuna cewa ƙorafin masunta ba ƙage ba ne. Ya kuma nuna cewa ƙasar na buƙatar jirgin aro kafin ta ga abin da ke faruwa a ruwanta.

Darasin Ghana

Jiragen masana'antu da ke da lasisin Benin ba su da yawa idan aka kwatanta da na Ghana ko Najeriya. To amma kifi ba ya nuna fasfo. Sardinelle ɗin da ke gaban Kwatano shi ne ke gaban Lome da Tema, kuma da yawa daga masuntan tekun Benin asalinsu daga Ghana ne. Abin da ya faru a can yana da kyau a san shi.

A Ghana an yi wata sana'a da ake kira saiko. Jiragen jan raga, waɗanda lasisinsu na kifin ƙasa ne, sai suka koma kama ƙananan kifayen da masu kwale-kwale suka dogara da su. Su daskarar da kifin kamar bulo, su sauke wa wasu manyan kwale-kwale a tsakiyar teku, a kawo gari a sayar wa mutanen da aka ƙwace wa kifin tun farko. Ƙungiyar Environmental Justice Foundation ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an sauke kimanin tan 100,000 ta wannan hanya. Ta kuma ce kusan kashi 90 cikin 100 na jiragen, duk da tutar Ghana da ke kansu, masu su na ainihi kamfanonin China ne da suka fake a bayan sunayen 'yan ƙasa. Kamun sardinelle ya faɗi warwas. A Yunin 2021 Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi karo na biyu, wanda ke nufin tana iya rasa kasuwar kifinta a Turai. A 2025 Ghana ta yi sabuwar doka da ta faɗaɗa yankin ƙananan masunta daga mil 6 zuwa mil 12.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan Benin, mil 12 kusan kilomita 22 ne, wato kusan duk dandamalin da ake iya jan raga a kansa. Ga Benin, faɗaɗa layin zuwa mil 12 daidai yake da sallamar jiragen jan raga baki ɗaya. Tambayar da ta kamata 'yan majalisa su yi ke nan a fili: kuɗin lasisi da 'yan guraben aikin da waɗannan jirage ke kawowa, sun kai darajar kifin da dubban masu kwale-kwale da mata masu banda ke rasawa?

Ƙasashe shida na wannan gaɓa, wato Laberiya, Côte d'Ivoire, Ghana, Togo, Benin da Najeriya, suna da kwamitin haɗin gwiwa kan kamun kifi da aka kafa a 2007, CPCO da Faransanci, mai hedikwata a Tema. Ta nan ake musayar bayanai kan jiragen da suka yi laifi a wata ƙasa suka gudu wata. Ta nan kuma ake ƙoƙarin daidaita lokacin hutun kamu, repos biologique. Ghana ta fara rufe teku ga jiragen jan raga a 2016, ta haɗa da kwale-kwale a 2019, Côte d'Ivoire ta bi sahu a 2023. Ana sa hutun ne a Yuli da Agusta, lokacin da kifi ke ɗauke da ƙwai. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara. A Argungu, ana hana su a Matan Fada tsawon shekara sai ranar da aka buɗe ruwa, kuma a garuruwan Kabi da Dendi da yawa sarkin ruwa ne ke faɗin ranar shiga tafki. Bambancin shi ne, sarkin ruwa ya san kowa da sunansa, wanda ya saɓa kuma ba shi da inda zai ɓuya.

Kifin kwali da yarjejeniyoyin duniya

Kifin ƙanƙarar da ke zuwa Malanville yawancinsa ba daga ruwan Benin ba ne. Ana shigo da shi daga wurare irin su Muritaniya, Maroko, Namibiya da Turai. Saboda haka farashinsa ya fi jin abin da ke faruwa a Nouadhibou fiye da abin da ke faruwa a Grand-Popo. A Muritaniya da Senegal da Gambiya an kafa masana'antu da dama da ke niƙa ƙananan kifi su mayar da shi gari da mai, a fitar waje domin ciyar da kifin kiwo da aladu da kaji. Wani rahoto na Greenpeace Africa da Changing Markets a 2021 ya ce fiye da tan 500,000 ake kwashewa haka kowace shekara. Kifin da ya kamata ya shiga tukunyar miya a Kandi ko Dosso, sai ya zama abincin wani kifin da za a ci a wata nahiya.

Yarjejeniyoyi biyu na baya-bayan nan sun taɓo wannan lamari. Ta farko ita ce ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan tallafin kamun kifi, wadda aka cim ma a Yunin 2022 ta kuma fara aiki a Satumbar 2025. Jirgin da ya taso daga Asiya ko Turai ya zo gaɓar Afirka, sau da yawa ba zai ci riba ba in ba gwamnatinsa ta rage masa kuɗin mai ba. Yarjejeniyar ta hana tallafa wa jirgin da aka samu da kamun haram, da kamun kifin da aka tabbatar ya yi ƙasa fiye da kima. Ba ta kai ga hana tallafin mai da na ƙera jirage gaba ɗaya ba, wannan ɓangaren an bar shi ga wani zagayen tattaunawa. Ta biyu ita ce yarjejeniyar kare halittun tsakiyar teku, can bayan mil 200 da kowace ƙasa ke iko da su, wadda aka amince da ita a Yunin 2023, ta kuma samu sa hannun tabbatarwa na ƙasashe 60 a Satumbar 2025. Ita ce ta fara buɗe hanyar keɓe wuraren kariya a ruwan da ba na kowa ba.

Ga masu karatu na tsallaken gada akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, a sashe na 69, ta ba ƙasashen da ba su da teku haƙƙin samun rabo daga rarar kifin da ke ruwan maƙwabtansu na yanki ɗaya, bisa yarjejeniya tsakaninsu. A kan takarda, Nijar na da ta cewa. Sai dai kalmar da ke riƙe da sashen ita ce rara, kuma a mashigin tekun Gini babu rarar da za a raba.

Dokar a bakin kogi

Dokar 2014 ba ta tsaya a teku ba. Ta lissafa kayan su na gargajiya da ta haramta a ruwan cikin ƙasa, da sunayensu na kudu: acadja, wato rassan itace da ake kafawa a tafki kifi ya taru a ciki, mèdokpokonou, raga mai ƙananan idanu, dogbo da wan, waɗanda ake tare hanyar kifi da su. A 'yan shekarun nan hukuma ta yi ta tumɓuke irin waɗannan kaya a tafkunan Ahémé da Nokoué. Sunayen baƙi ne ga kunnen masuncin arewa, amma bayanin da dokar ta yi ya hau kan abin da ya sani. Dumba da ake gicciye bakin fadama da ita, a jera gura a bayanta, tare hanyar kifi ce. Tarun da ake ja mai idon da ko yatsa ba ya shiga, har da gidan sauron da wasu ke mayarwa raga, aikinsu ɗaya da ragar jirgi: su kwashe babba da ƙarami, su kankare inda kifi ya yi sheƙa. Maganin ƙwarin auduga da marasa tsoron Allah ke zubawa a tafki, a jihar da auduga ce babban amfanin gonarta, guba ce da dokar ta ambata kai tsaye.

Kogin Malanville na cika sau biyu. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, daga ruwan saman yankin da rassa irin su Mékrou da Alibori da Sota. Akwai kuma baƙin ruwa da ke isowa a lokacin sanyi, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya ratso Mali. Idan ruwa ya malala cikin fadamu, tarwaɗa da karfasa da bargi ke bi su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a cikin ciyawa, sannan su koma kogi idan ruwa ya fara janyewa. Wanda ya tare bakin fadama a wannan lokaci ya kama kifin baɗi ne. Tsofaffin Sarkawa na ba da labarin giwan ruwa da yauni irin waɗanda sai mutum biyu ke ɗauka, abin da yanzu ya zama na ba-safai-ba.

Adalci ne a ce ba masunta kaɗai suka jawo haka ba. Farin shekarun 1970 da 1980 ya rage malalar ruwa, har a Yunin 1985 kogin ya kusa tsayawa cik a Yamai. Yashi na cike gadon kogin saboda sare itatuwa da zaizayar ƙasa. An killace fadamu da yawa domin noman shinkafa. Madatsun ruwa, daga na Mali zuwa Kainji da aka kammala a 1968, sun sauya tafiyar ruwa da ta kifi, ga kuma Kandadji da ake ginawa a sama da Tillabéri. Masu kamu sun ƙaru, kifi ya ragu, sai kowa ya rage idon ragarsa domin ya samu na cefane, abin da ke ƙara rage kifin. Mutumin da ya koma gidan sauro ba jahilci ne ya kai shi ba, raga mai manyan idanu ce ta daina kawo masa komai.

A tafkin Kainji an gwada hana tarun dala a ƙarshen shekarun 1990, ta hanyar dokokin jihohin Neja da Kebbi da wani shiri na haɗin gwiwa da Jamus. Abin da ya sa hanin ya yi tasiri a lokacin shi ne shigar da sarakuna da shugabannin masunta cikin aikin. Dokar da jami'in gandun daji kaɗai ke riƙe da ita, yana da babur ɗaya da ƙauyuka masu yawa, ba ta wuce kwanan da ya zo.

Sai kuma matsalar da teku ma ba ta da irinta sosai: ruwa ɗaya, hukuma uku. Kogin ne iyakar Benin da Nijar na tsawon fiye da kilomita 100, daga bakin Mékrou har ya shiga Najeriya ta jihar Kebbi, ƙasa da Madécali. A ranar 12 ga Yuli 2005 kotun duniya da ke Hague ta raba tsibirai 25 na wannan yanki, 16 ga Nijar har da Lete, 9 ga Benin, ta kuma ja layin iyaka ta bin hanyar ruwa mafi zurfi. Dokar Benin a wannan layi take tsayawa. Nijar na da tata dokar kamun kifi, a Najeriya kuwa jihohi ne ke da hannu a kan ruwan cikin ƙasa. Idan Malanville da Karimama suka hana wata raga ko suka rufe ruwa na wata biyu, Gaya ba ta yi ba, masuncin wannan gefe zai zauna yana kallon na wancan gefe yana kwasar kifin da aka ce ya bari. Babu wanda zai yi biyayya ga irin wannan doka har shekara biyu.

Hukumar da za ta iya haɗa su tana nan: Hukumar Raya Kogin Neja, ABN, mai ƙasashe tara da hedikwata a Yamai, wadda ta amince da kundin raba ruwa a 2008. Amma hankalinta ya fi karkata ga madatsu da rabon ruwa, kuma siyasar yankin ta dagule. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar an rufe gadar Malanville zuwa Gaya. Benin ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairun 2024 bayan ɗage takunkumin CEDEAO, Nijar ta ci gaba da rufe nata, sannan ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Kwale-kwale suka zama gada, fito ya fi su kawo kuɗi ga masu jirgin ruwa da yawa. A irin wannan yanayi, zaman jami'an kamun kifi na ƙasashen biyu kan faɗin idon raga ba ya cikin abin da ake gaggawa.

Abin da ya rage a hannun mutanen gari shi ne abin da ba ya jiran minista. Sarakunan ruwa na gefe biyu dangin juna ne, yare ɗaya suke ji, suna haɗuwa a biki da jana'iza. Suna iya sa rana ɗaya ta rufe bakin fadamu da rana ɗaya ta buɗewa, hukumomin kwamin su mara masu baya. A Malanville da Karimama wasu manoma sun riga sun ɗauko dabarar ramukan kifi da ake kira whedo daga kwarin Ouémé, suna haƙa su a fadama suna kiwon tarwaɗa bayan janyewar ruwa. Ko wane hutu aka sa, a teku ko a kogi, tambaya ɗaya masunci ke yi, ita ce me iyali za su ci a watan da aka rufe ruwa. Ghana ta riƙa raba wa masuntanta shinkafa da man girki a lokacin hutun, su kuma suna cewa bai kai ko'ina ba. Duk tsarin da za a kawo wa kogin Neja sai ya zo da amsar wannan tambaya a cikin kasafinsa, tare da kuɗin musanya ƙananan raga da masu manyan idanu, kafin a aiko jami'in da zai ƙwace ta hannun masunci.